Gayyatar cin abincin dare a bistiro a Lyon: alamar ganye ta wadatar?

'YarDamagaram

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka daɗe a ƙasar nan, musamman wanda ya taɓa aikin kicin.

Ina karatun digiri na uku a Lyon, ƙasar Faransa. Ranar Juma'a mai zuwa wani abokin karatunmu zai kare kundinsa, kuma malamar da ke duba aikinmu ta kama mana teburi a wani ƙaramin gidan abinci a unguwar Croix-Rousse. Irin bistiron nan ne na zamani da ke haɗa girkin Faransa da na Japan da ɗan na Maroko. Na yi hamdala da ba bouchon ta zaɓa ba, don gidajen abincin gargajiyar garin nan kusan komai nasu alade ne, har salatin ma sai sun barbaɗa masa soyayyen kitsensa.

An turo mana jerin abincin don kowa ya zaɓa tun yanzu. Yuro 39 ne kowane mutum: na buɗe baki, babban faranti, sai kayan zaƙi. Waɗanda aka sa wa alamar koren ganye su ne gasasshen gauta da aka shafa wa miso aka barbaɗa riɗi, risoto na laimar kwaɗi da cukun Parmesan, gasasshen farin kabeji da harisa da kullun riɗi, sai panna cotta mai ruwan zoɓo da kuma tarte Tatin. Akwai kifi da miyar beurre blanc. Akwai kuma miyar albasa, wadda ban ga nama a bayaninta ba, amma ba a sa mata ganyen ba.

Tun da na zo, a ɗaki nake girkina, naman kuma a mahautan halal na unguwar Guillotière nake saye. Shin idan na tsaya kan masu alamar ganye na tsira? Kuma ta yaya zan yi tambaya ba tare da na kunyata malamata ba? Matar nan ta yi mini halacci sosai, ba na so ta ga kamar na raina karamcinta.

KukuSani

Wa alaikumus salam ƙanwata. Na yi shekaru a kicin ɗin irin waɗannan gidaje a Paris, daga wankin kwanuka har aka damƙa mini murhun kayan lambu, don haka bari in bi miki takardar.

Alamar ganye abu ɗaya ta yi miki alkawari: babu nama, babu kifi. Ba ta ce komai a kan giya ba, domin mai gudun nama a nan ba ruwansa da ita. Shi kuwa kukun Faransa da giya yake ɗago gindin tukunya. Idan ya soya albasa ta ɗan kama, sai ya zuba farar giya ta kwashe ɗanɗanon da ya manne. Hannu ya riga ya saba, wani lokaci shi kansa mantawa yake ya zuba, kuma ba a rubutawa a takarda.

Risoton nan ki cire shi daga lissafi. Yadda ake yinsa, sai a soya shinkafar da albasa da man shanu, a zuba farar giya ta tsotse, sannan a fara zuba romo ludayi bayan ludayi. Kuma a gidan abinci ba a fara shi daga ɗanyar shinkafa lokacin da kika zauna. Tun da rana ake dafa shi rabi, a baza a tire ya huce, da dare a ƙarasa. Kin ga giyar ta riga ta shiga, ko kukun yana so ya taimake ki babu yadda zai yi. Mai kawo abinci zai iya ce miki ai wuta ta ƙone ta. Kada ki karɓi wannan magana. An gwada abin a Amurka, aka buga sakamakon a 1992: bayan minti 15 ana tafasa, kusan kashi 40 cikin 100 na giyar yana nan, bayan awa ɗaya kashi 25, sai an yi awa biyu da rabi kafin ya sauka zuwa kashi 5. Risoto kuwa dahuwarsa duka ba ta cika wuce minti 20 ba.

Gautan ma akwai magana. Miso shi kaɗai waken suya ne da aka tsima da gishiri, amma abin da ake shafa wa gautan haɗi ne: miso, sukari, sake da mirin. Biyun ƙarshen giyar shinkafa ce ta Japan, kuma mirin na asali yana da ƙarfin kusan kashi 14. Sai dai wannan da sauƙi, tunda a ƙarshe ake shafawa. Za su iya gasa miki naki da man zaitun da riɗi kawai.

Miyar albasa ba a sa mata ganye ba saboda da romon ƙashin sa ko na maraƙi ake yinta, galibi kuma har da giya. Beurre blanc ma tushenta farar giya ce da ruwan tsami da ƙananan albasa, a ƙafe su sannan a narka man shanu a ciki. Idan kifin kike so, ki ce a gasa shi a kawo da man zaitun da lemun tsami, miyar a bar ta a kicin.

Ni da ni ne, farin kabejin zan ɗauka, kuma ba don dole ba. Harisa barkono ne da tafarnuwa da man zaitun da kayan ƙamshi, kullun riɗi kuwa kin san shi. Idan kuku ya iya, gefen kabejin ya ɗan babbake ya yi zaƙi, cikinsa ya yi laushi, wallahi ba za ki nemi nama ba. Masu ganin farantin ganye na wanda aka tausaya wa ne suna ba ni takaici. Kuku Alain Passard ya cire jan nama daga gidan abincinsa L'Arpège a 2001, yana riƙe da taurarin Michelin uku, wato babbar lambar yabon gidajen abinci, kuma bai rasa su ba. Yaran da suka koyi aiki bayan wannan sun ɗauki kayan lambu da muhimmanci.

Kayan zaƙi: panna cotta kirim ɗin madara ce da ake daskarar da ita da jelatin, mafi yawan jelatin ɗin kicin a nan kuma na fatar alade ne. Tunda sun sa mata ganye, mai yiwuwa da agar-agar suka yi, wanda ake samu daga ciyawar teku, amma ki tambaya, don na ga inda aka sa alamar bisa rashin sani. Tarte Tatin tuffa ce da sukari da man shanu da fulawa. Tambayarta ɗaya: an yayyafa calvados, wato giyar tuffa?

Ki buga musu waya da hantsi, wajen ƙarfe 10, lokacin da ake gyaran kayan miya ba a fara karɓar baƙi ba. Amfanin ƙaramin gida ke nan. Tun da kuku Yves Camdeborde ya buɗe gidan abincinsa La Régalade a 1992 aka samu wannan salon na gajeren jerin abinci da ake girkawa a wurin, kuma wanda ya ɗauki wayar sau da yawa taku biyar ne tsakaninsa da tukunyar.

Alhaji Na Brussels

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tsaya tambaya. Malam Sani ya gama da kicin, ni abu biyu zan ƙara.

Na farko cuku. Ke 'yar Damagaram ce, kin san da abin da ke cikin tumbin ɗan akuya ko ɗan maraƙi mai shan nono ake kama madara a yi cukunmu. Haka Parmesan yake, kuma ƙa'idar yinsa a Italiya ta wajabta a yi da na ɗan maraƙi. Bambancin shi ne namu mun san wanda ya yanka. Malamai sun yi saɓani a kan wannan tun da daɗewa: Imam Abu Hanifa yana ganin abin tsarkakakke ne ko da dabbar ba yankakkiya ba ce, Malikiyya da Shafi'iyya kuwa sun tsananta. Ki san inda kika tsaya kafin ki zauna, kada ki bari sai faranti yana gabanki zuciya ta fara wasi-wasi.

Na biyu ya fi nauyi a wurina. Teburin Turawa na murna ba ya rabuwa da kwalba. Akwai hadisin da Tirmizi ya ruwaito daga Jabir, wanda ya hana mai imani zama a kan teburin da ake zagayawa da giya. Ni shekaruna a nan ban zauna ba, nakan je in yi gaisuwa in ba da kyauta in tafi. Na san akwai malaman da suka sassauta wa mazauna irin waɗannan ƙasashe idan akwai buƙata ta gaske, kuma ba zan ɗora miki nawa ba, don halin ɗalibi da malaminsa daban yake da na ɗan kasuwa irina. Kuna da Babban Masallaci a Lyon. Ki je ki faɗa wa malami halin da kike ciki dalla-dalla, ki ji ta bakinsa.

Duk wanda zai biyo ta Beljiyam kuma ya sani, soyayyen dankalinmu na gargajiya da kitsen sa ake soya shi.

Maman Ilham

Baba Alhaji, Allah ya ƙara girma, maganarka a kan hanya take kuma ba zan ja da ita ba. Ni ɓangaren malamar zan taɓa, tunda shi ne ya fi damun ƙanwar tamu.

Ƙanwata, abin da zai kunyata matar nan shi ne ta biya yuro 39 ta ga kina juya cokali a faranti ba ki ci ba. Gaya mata tun yau ba raini ba ne. Layi biyu ya isa: kin gode da gayyata, ba kya cin nama a waje kuma ba kya cin abin da aka dafa da giya, za ki kira gidan abincin da kanki don kada ki ɗora mata wahala. A Marseille nake aiki a ɗakin gwaje-gwaje, kuma duk liyafar da za a yi sai an sami mai gudun alkama, mai gudun madara, mai juna biyu da ba ta cin ɗanyen cuku. Sun saba. Abin da ba su so shi ne a zo musu da shi ana tsakiyar hidima.

Wata dabara kuma: tun Disamba 2014 dokar Tarayyar Turai ta tilasta wa gidajen abinci bayyana abubuwa 14 da ke tayar wa wasu mutane da rashin lafiya, irin su madara, ƙwai, kifi, gyaɗa, riɗi da waken suya. A Faransa a rubuce ake ajiye bayanin, kina da ikon ki ce a nuna miki. Alade da giya ba sa cikin jerin, kada ki dogara da shi kacokan. Amma akwai sulfites a ciki, wato wani sinadarin hana lalacewa da ake samu a giya, kuma idan kika gan shi a gaban wata miya, sau da yawa giya ce ko ruwan tsaminta ya kawo shi, sai ki san inda za ki yi tambaya.

Ruwan famfo a tulun gilashi da burodi kyauta ne idan kina cin abinci, kuɗin hidima kuma yana cikin farashin. Idan mai zuba giya ya zo kanki, ki ce masa a'a na gode tun zagayen farko, zai ɗauke kofin.

Zoɓon da kika gani a takardar ya faranta mini rai. Tun da Mory Sacko, wanda asalinsa ɗan Mali ne, ya buɗe MoSuke a Paris a 2020 yana haɗa girkin Afirka ta Yamma da na Japan da na Faransa, har ya sami tauraron Michelin a 2021, nake ƙara ganin kayanmu a takardun abinci.

'YarDamagaram

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yaya Sani, na kira da hantsi kamar yadda ka ce, matar mai gidan ce ta ɗauka, ta riƙa tambayar mijinta ina jin ƙarar tukwane. Risoton da romon ganye ne amma akwai farar giya, gautan akwai mirin, panna cotta kuwa da agar-agar suke yi. Ta ce za su yi mini miyar kabewa da madarar kwakwa da citta a matsayin na buɗe baki, sai farin kabejin. Ta rubuta sunana.

Anti Maman Ilham, na tura wa malamata saƙon. Amsarta ita ce in tambayi sauran ko akwai mai irin buƙatata. Ashe akwai wani ɗan Indiya a cikinmu da ba ya cin nama ko kaɗan, ya zaɓi risoto bai san da zancen tumbin maraƙi ba. Ya koma kan kabeji shi ma.

Baba Alhaji, maganarka ta tsaya mini a rai. Gobe in sha Allah zan je masallaci bayan la'asar in yi tambaya, abin da aka ce mini shi zan bi.

KukuSani

Madalla. Idan har kin je, ki sake faɗin sunanki ga wanda ya zaunar da ku, don mai ɗaukar waya da safe ba lallai ne shi ke hidimar dare ba, kuma teburin mutane da yawa a nan ake samun musayar faranti. Sannan irin waɗannan gidaje sukan kawo ɗan abin taɓawa kyauta kafin abinci, wanda ba ya cikin takarda kuma ba a yi maganarsa a waya ba. Wani lokaci ɗan burodin cuku ne, wani lokaci dakakken naman alade ne a kan gasasshen burodi. Ki tambayi abin da ke ciki kafin ki kai hannu.