Wani ya taya domain ɗina, in sallama ko in ce albarka?

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Salam 'yan uwa. Shekara 3 ke nan na yi rajistar wani domain, wato sunan adireshin shafi a intanet, mai ƙarewa da .com na harkar fata da kirgi, kalma biyu ne na Turanci, da niyyar buɗe shago a intanet amma abin bai yiwu ba, sai dai duk shekara in biya kuɗin sabuntawa. To shekaranjiya wani ya turo min imel wai zai saya dala 300, da na saka sunan a ma'aunin farashi na GoDaddy (kamfanin rajistar domain) kuma ya nuna min wajen dala 1,800. Kaina ya ɗaure wallahi.

Jikan Kusugu:
Malam wannan lambar ta GoDaddy kar ta ruɗe ka, na'ura ba ta da aljihu, kamar dillali ne a karar Mai'adua ya ce ragonka ya kai kaza alhali ba shi zai ciro kuɗin ba. Shiga NameBio ka duba sunaye masu kama da naka da aka sayar a zahiri da nawa suka tafi. Sannan ka gwada faɗin sunan ga wani a waya, in ya rubuta daidai ba tare da ya ce maimaita ba to kana da kaya. Lamba ko ɗan layi a tsakiya suna karya farashi, tsawo ma haka. Mutane na ta kawo labarin Voice.com da aka sayar dala miliyan 30 a 2019, amma ai kalma ɗaya ce tal kuma kamfani ne mai kuɗi ya nace, namu masu kalma biyu yawanci sai su shekara ba wanda ya ko taya. Ni dai a ganina ka ce masa 1,000 ka ga yadda zai motsa.

Maman Ilham:
Yaya ka yi hattara dai. In ya ce sai ka fara biyan wani shafi kuɗin takardar kimantawa kafin ya saya, damfara ce, an taɓa yi wa ƙanena haka. Ku bi ta Escrow.com ko Sedo, masu riƙe kuɗi tsakanin mai saye da mai sayarwa, kuɗi su shiga tukuna sannan ka saki sunan.

Bakatsine:
Ƙari kaɗan, ka tabbata babu sunan kamfanin wani a ciki, don in akwai za su iya kai ƙara WIPO, hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha ta duniya, a karɓe shi ba ko sisi. Ka leƙa Wayback Machine ma, shafin da ke adana tsofaffin shafukan intanet, ka ga ko an taɓa yin shirme da sunan kafin ya zo hannunka. Da .com.ng ne na wajen NiRA mai kula da sunayen .ng na Najeriya, da na ce ka karɓa kawai, masu sayensa ba yawa.

Ɗan Ƙofar Ƙaura:
Na gode Allah ya saka. Bai dai ambaci wata takarda ba tukuna. Na tura masa 1,000, har yanzu shiru.