Maigidana ba ya faɗa, gaba yake yi da ni

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah a ɓoye sunana. Ni in abu ya ɓata min rai sai na amayar da shi nan take, daga nan ya wuce. Maigidana kuwa bai taɓa ɗaga min murya ba, cefane ma bai taɓa yankewa ba, amma da mun sami saɓani sai ya ɗinke bakinsa. Ya amsa gaisuwa a daƙile, ya ci abinci, ya fice majalisa, a yi kwana da kwanaki a haka. In na bi shi da magana ya ce na cika mita. Wallahi shirun nan ya fi zagi ciwo. Ƙawata ta ce in yi yaji. Ina neman shawararku.

Wata uwa daga Zariya: 'Yata, kar ki yi yaji. Mai nauyin baki ba ya zuwa biko da wuri, sai ki yi ta zaman jira a gidanku, ƙaramar magana ta zama babba. Ki bari sai ranar da kuke cikin daɗi, kin ga yana dariya, sannan ki gaya masa yadda shirun yake cin ki. Ranar faɗa ba a gyara hali.

Wani magidanci: 'Yar'uwa, ni irin mijinki ne. Idan uwargida ta fara jero magana, ƙirjina ne yake cika, ina tsoron in buɗe baki in furta abin da ba ya komawa, kin dai san kalmar da nake nufi. Shi ya sa nake fita. Wahalar ita ce dawowa, don in an kwana biyu mutum ya rasa ta inda zai fara. Mu yanzu mun yi yarjejeniya: ina cewa "bari in huce, bayan isha'i za mu yi magana", ita kuma ta ƙyale ni har lokacin.

Wata malamar jinya: Abin da Yaya magidancin nan ya faɗa akwai shi a bincike. John Gottman na Jami'ar Washington a Amurka ya shafe shekaru yana nazarin ma'aurata. Ya nuna cewa idan bugun zuciya ya haura 100 a minti ɗaya ana cikin gardama, mutum ba ya iya sauraro yadda ya kamata, kuma yana bukatar aƙalla minti 20 kafin ya dawo daidai. Galibin masu rufe baki haka maza ne. Amma fa minti ya ce, ba mako ba.

Wani malamin Islamiyya: Fita don a huce ba laifi ba ne. Ya tabbata a Bukhari cewa Sayyidina Aliyu ya sami saɓani da Nana Faɗima, ya tafi masallaci ya kwanta. Manzon Allah (SAW) ya je ya same shi, yana share masa ƙasa a jiki yana cewa "Tashi, Abu Turab." Amma ƙaurace wa Musulmi fiye da kwana 3 bai halatta ba, balle matar da take ƙarƙashin amanarka.

Wata 'yar'uwa daga Maraɗi: Ni ban yarda a ce duk hucewa ce ba. Kullum mace ake cewa ta yi haƙuri. Wanda yake hira da dariya a majalisa, ya shigo gida ya ɗaure fuska, ya riga ya huce, horo yake yi. Ki lura da kyau: shi yake fara sakin fuska, ko sai kin durƙusa kin ba da haƙuri ko da ke ce da gaskiya? In na biyun ne, aya ta 35 a Suratun Nisa'i ta ce a samo mai sulhu daga danginsa da mai sulhu daga danginki. Ki zaɓi wanda yake jin nauyinsa, mai riƙe sirri.

Mai tambaya: Na gode, Allah Ya saka da alheri. Yawanci shi yake fara sakkowa, sai ya shigo da tsire ko balangu ya ajiye ba tare da ya ce komai ba, maganar kuma ba a sake tayar da ita. Zan nemi mu yi irin yarjejeniyar Yaya. In bai yarda ba, akwai ƙanin mahaifinsa da yake jin maganarsa.