Yadda za a nuna wa ɗalibai cewa alwatika biyu daidai suke

Sabuwar malama: Assalamu alaikum, malamai. Ɗalibaina sun haddace ƙa'idar gefe-kusurwa-gefe, amma da na tambaye su dalilin da ya sa take tabbatar da cewa alwatika biyu daidai suke, sai aji ya yi tsit. Wace hanya kuke bi?

Malamin lissafi mai ritaya: Wa alaikumus salam, 'yata. Ki ajiye haddar tukuna, ki sa su yanka alwatika a kwali. Motsi uku ne ba sa taɓa tsawon gefe ko faɗin kusurwa, wato turawa da juyawa da kifawa. A ce alwatika ABC da alwatika DEF sun yi daidai a gefe biyu da kusurwar da ke tsakaninsu. Yaro ya tura kwalin har A ta hau kan D, ya danne ta da tsinin fensir, ya juya har AB ya kwanta a kan DE, kuma tunda tsawonsu ɗaya, dole B ta faɗa kan E. Idan C ta ɓullo ta ɗaya ɓangaren layin, sai ya kifa kwalin, kusurwar da tsawon AC su kai ta kan F. Da irin wannan ɗorawar Yuklid, masanin lissafi Bagirke, ya kafa hujjar ƙa'idar kusan shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS).

Malamin babbar sakandare: Baba ya faɗi gaskiya, sai dai a wurin kifawa yara suka fi yin tuntuɓe. Malama, ki shafa wa fuskokin kwalin launi daban-daban, domin kowa ya ga lokacin da aka kifa shi. Kada kuma ki fara da alwatikan da gefensa biyu suke daidai, domin shi ko ba a kifa shi ba, zai hau, sai yaro ya ɗauka matakin ba shi da amfani.

Malama mai horar da malamai: Ina ba da shawarar manhajar lissafi ta GeoGebra, kyauta ce kuma tana aiki a waya, amma bayan hannu ya saba da kwali. Abin da na fi so ki nuna musu, ƙanwata, shi ne inda ƙa'ida take karyewa. Su zana kusurwa mai digiri 30, su auna santimita 10 a hannu ɗaya, su buɗe kamfas santimita 6, su kafa shi a ƙarshen wannan gefen. Zai yanki ɗaya hannun a wuri biyu, a sami alwatika biyu masu awo uku iri ɗaya waɗanda babu turawa ko juyawa ko kifawar da za ta ɗora ɗaya a kan ɗaya.

Sabuwar malama: Allah ya saka da alheri. Idan kusurwar digiri 90 ce fa?

Malama mai horar da malamai: A nan santimita 6 ba zai kai hannun ba, sai an buɗe kamfas fiye da santimita 10, kuma wuri ɗaya kaɗai zai yanki hannun, saboda haka alwatika ɗaya ne zai fito.