Detroit ko The Last of Us? Kuɗin faifai ɗaya gare ni

Ɗan Agege: Salamu alaikum. Na'urar wasan bidiyo ta PS4 gare ni, kuɗin faifai ɗaya kuma na tara. Sai na rufe shago ƙarfe tara nake samun awa guda, ni da ƙanena. So nake in na yanke shawara labarin ya juya da gaske. Detroit: Become Human zan ɗauka ko The Last of Us?

Sarkin Gem: Sayi FIFA ka huta.

Baban Hanifa: Wa alaikumus salam. The Last of Us hanya ɗaya ce ɗoɗar, ba ka da ta cewa a ƙarshensa, amma tun 2013 da ya fito ban ga labarin da ya kama ni kamar na Joel da Ellie ba. Detroit kuwa duk babin da ka gama sai ya baje maka taswirar rassan da ka bi da waɗanda ka bari a kulle. In Kara, ɗaya daga cikin jaruman wasan, ta mutu, ta tafi ke nan, labarin ya ci gaba babu ita.

Na Idi-Araba: Kada ku tuna min Kara. Sati biyu ina lallaɓa ta da yarinyar nan Alice, kamar 'yata. Mun doshi iyakar Kanada, faifan ya tsaya cak. Na goge shi da gefen riga, na hura, na sake sawa, a wuri ɗaya yake maƙalewa. Ashe karce ne a ƙasansa, siriri kamar gashi. Na hau danfo na koma Computer Village, kasuwar kayan lantarki ta Ikeja a Legas, mai shagon ya rantse bai taɓa ganina ba. Naira 18,000 ta tafi. Wallahi kuɗin bai dame ni ba kamar rashin sanin ko sun tsallaka.

Hajiyar Obalende: 18,000? An yanke ka, ɗan'uwa. 11,000 yayana ya sayo nasa a Alaba.

Na Idi-Araba: Yaushe? Kafin dala ta tashi dai.

Baban Hanifa: Shekaranjiya 25,000 aka ce min.

Sarkin Gem: Wanda bai ga ƙarshen wasa ba, da wane baki zai ba da shawara?

Na Idi-Araba: Kai da ba ka san komai ba sai bugun fanareti? Ni na ji abin a jikina.

Hajiyar Obalende: Ai gara karce. Awa arba'in na zuba a wasan The Witcher 3, aka ɗauke wuta yana tsakiyar adanawa, komai ya goge. Har hawaye na yi.

Baban Hanifa: Mu kwana huɗu ke nan babu wuta a layinmu, amma takardar kuɗi ta iso. Fetur ɗin janareta na wata ya fi kuɗin faifan.

Ɗan Agege: To yayyena, wanne zan saya? Gobe zan shiga Ikeja.

Hajiyar Obalende: Baban Hanifa, ku ma babu mita ne?