"Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi": to, wane ne mai ita?

Mai Jita: Assalamu alaikum. Ni mawaƙi ne mai cin gashin kansa, babu kamfanin da ke riƙe da ni. Ni ke rubutawa, ni ke ɗauka, ni ke sakawa a intanet. An gayyace ni wani wasa na yaƙi da wariyar launin fata. Da jerin sunaye ya fito, sai ga mu baƙaƙe an jera mu da la'asar, lokacin da kujeru suke wayam, dare kuma an bar wa wasu turawa masu suna. Na ce wa abokina ai waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ya ce na ajiye karin ba a muhallinsa ba. A raba mana gardama.

Malamin Hausa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, abokinka yana da 'yar gaskiya. Ana faɗin wannan ne idan za a miƙa wa mutum magana: ga wanda abin ya faru a kansa, bari mu ji daga bakinsa. Girmamawa ce. Kai kuma ka mai da ita sanda. Kukan da kake yi ya fi kusa da "mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo".

Uwar Biyu: Malam, da girmanka, ban yarda ba. In an ce ta FI daɗi a bakinsa, ai an riga an faɗi wanda ya kamata a ba makirfo. Ba a hana wasu yi ba, amma kada a sa mai abu a bayan layi.

Ɗan Garmaho: Ni tambayata ɗaya ce, waye mai ita ɗin? Ku ɗauki Strange Fruit, waƙar da ta yi magana kan yadda ake rataye baƙaƙe a jihohin kudu na ƙasar Amurka a wancan zamani. Abel Meeropol ne ya rubuta ta, wani malamin makaranta Bayahude, farar fata, a New York. Billie Holiday, mawaƙiya baƙar fata 'yar Amurka, ta rera ta a 1939. Kamfaninta na Columbia ya ƙi ɗauka, sai wani ƙaramin kamfani mai zaman kansa, Commodore, ya ɗauka. To mai alƙalami ne mai ita, ko mai murya?

Uwar Biyu: Ka taimake ni ba ka sani ba. Shi ya rubuta, amma yau a bakin wa duniya ta san ta? Ciwon a jikin mutanenta yake, shi ya sa ta zauna a muryarta.

Ɗan Garmaho: Hajiya, amma da ya ce ba ciwona ba ne ya yi shiru, da babu waƙar gaba ɗaya.

Malamin Hausa: Nan ne hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka yake shigowa. A Ingila an kafa Rock Against Racism, gangamin yaƙi da wariyar launin fata ta hanyar waƙa, a 1976, kuma a babban taronsu na Victoria Park a Landan a 1978, ƙungiyoyin mawaƙa biyu, The Clash, turawa, da Steel Pulse, baƙaƙe masu kiɗan rege daga Birmingham, dandamali ɗaya suka hau. Haɗuwar ita kanta ce saƙon. (Kada ku ce malami ya san rege, ɗalibai ne suka koya mini.)

Mai Jita: Malam, ban ce kada su zo ba, wallahi. Su ne ma za su cika zauren, na san wannan. Abin da ya ƙona mini rai shi ne a tara jama'a da sunan ciwonmu, sannan su iso bayan mun sauka.

Uwar Biyu: To ka faɗa wa masu shiryawa haka, ba abokinka ba. Ka nemi a cakuɗa jerin, ɗaya daga nan, ɗaya daga can.

Mai Jita: Na tura musu saƙo ɗazu. Ɗaya daga cikin turawan ma ya ce zai kira ni mu yi waƙa ɗaya tare a lokacinsu. Ban ba shi amsa ba tukuna, don ban gane ba ko gayyata ce ko sadaka.