Neman kalma: “saplimentari” daban, cike gurbi daban

Mai Fassara: Assalamu alaikum. Gobe da safe za a ɗauki muryar shirin wayar da kan masu zaɓe. Mun saba da “zaɓen cike gurbi”, to amma ya za mu kira wanda hukumar INEC ke cewa saplimentari, irin na Adamawa da Kebbi ranar 15 ga Afrilu 2023? A lokacin jaridu da dama cike gurbi suka rubuta.

Malam Na-Rumfa: Wa alaikumus salam. Wannan kuskure ne, domin babu gurbin da aka cike. Gurbi sai kujera ta zama babu kowa, ko mai ita ya rasu, ko ya ajiye, ko an yi masa kiranye. Majalisa ta sanar da hukuma, jam'iyyu su yi sabon fidda gwani, a buga sababbin ƙuri'u, kuma dokar zaɓe ta 2022 ta ce a ba da sanarwar aƙalla kwana 14. Saplimentari kuwa 'yan takarar nan ne dai, a rumfunan da aka soke kaɗai, sannan a haɗa sakamakon da na farko. Abin da ke jawo shi: tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ba ta kai yawan katunan zaɓen da aka karɓa a rumfunan da aka soke ba. Ni “ƙarashen zaɓe” nake gani.

Hajiya Edita: Me zai hana “sake zaɓe”?

Malam Na-Rumfa: A'a Hajiya, a bar wannan wa wanda kotu ta rushe ta ce a maimaita. Kada kuma a taɓa “zagaye na biyu”, shi, a zaɓen shugaban ƙasa, na ranar da wanda ya fi yawan ƙuri'u bai cika sharaɗin kashi 25 cikin 100 na ƙuri'u a kashi biyu bisa uku na jihohi ba ne.

Ɗan Boko da Ajami: Ku ce “zaɓen ciko”. Wanda ya biya rabin kuɗi ciko yake kawowa, ba sabon ciniki ake yi ba. Gajeriya ce, tana shiga kanun labari, tsohuwa a ƙauye ma za ta gane. Ƙarashe na aikin da aka gaji aka bari ne.

Hajiya Edita: Malam, a takarda ta yi kyau. A rediyo fa? Ciko da cike, wasali ɗaya ya raba su. Mai sauraro ya ji “ciko” ya ɗauka duk mazaɓar za a fito, ya je rumfar da ba ta ciki, ya tarar babu ma'aikata babu na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, ya koma gida yana cewa an hana shi zaɓe. Irin wannan ke tayar da rigima.

Ɗan Boko da Ajami: Ba laifin kalmar ba ne. Masu gabatarwa ne suka sa jama'a ta haddace “inkonkulusib” tun zaɓen gwamnan Kano na 2019, alhali “zaɓen da bai kammalu ba” na nan. Harshen da ya haifi “ƙuri'ar raba gardama” ba zai gaza a nan ba. Kamata ya yi masana a jami'a su yanke, ba ɗakin labarai ba.

Baban Sitidiyo: Ranka ya daɗe, “fidda gwani” da “babban zaɓe” a bakin masu labarai suka zauna, ba a taron masana ba. Kalmar da ba a furta ta sau goma a rana ba ta rayuwa.

Ɗan Boko da Ajami: Shi ya sa har yau wasu ke cewa “babban zaɓe” wasu “zaɓen gama-gari”, babu mai tsayar da ɗaya.

Mai Fassara: Don Allah mu dawo. Rumfuna 176,846 ne a ƙasar nan, kafin babban zaɓe ina so kowa ya san wanne ya shafi tasa. Na rubuta: cike gurbi, sake zaɓe, zagaye na biyu, ƙarashen zaɓe.

Malam Na-Rumfa: Ya yi. Amma duk sanda aka faɗi ƙarashe, a biyo shi da “a rumfunan da aka soke kaɗai”, a kuma karanto sunayen rumfunan.

Ɗan Boko da Ajami: Saboda shirin gobe na bari. A rubutuna dai “ciko” zan ci gaba da sawa.