Ƙanen babanmu ya riƙe gadon yayata wai don ba ta gani

Ɗan Adar:
Salamu alaikum ƴan uwa, shawara nike nema. Mu ƴan Tawa ne, babanmu ya rasu bara anka yi zaman dangi anka saida garkar albasa kowa ya samu kasonshi. To yayata makauniya ce tun tana ƙarama, sai ƙanen babanmu ya ce shi za shi aje mata nata kar a cuce ta. Matar ga ta kai shekara 35, ita ke yin ƙuli-ƙuli da mai tana saidawa, da hannu take rabe jikka da jikka biyar ba ta kuskure, yanzu tana son kuɗinta ta sayi tumaki ta yi kiwo kahin layya amma duk sadda ta tambaya sai ya ce mi za ta yi da su, ya miƙa mata dala ɗari na goro. Wai doka ta ba shi wanga iko?

Malamar lekol, Yamai:
Allah ya jiƙan baba. Ba shi da ikon nan sam. Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu tun 2008, sashe na 12 ya ce mai naƙasa daidai yake da kowa gaban doka, ya ci gado, ya juya kuɗinshi, har bashin banki ya ɗauka. Ga kuma dokarmu ta nan gida kan naƙasassu mai lamba 2019-62. Ko wanda ke da taɓin hankali sai alƙali ya yanke hukunci bayan bincike kahin a naɗa mai kula da dukiyarshi, ba dangi su zauna kan tabarma su yanke ba, balle ita da idonta kaɗai ne. Ku nemo takardar zaman dangin ku ga mi anka rubuta ciki.

Mai shago:
Ni dai kar ku yi saurin zagin tsoho, duniyar ga ta lalace, na san makahon da anka ba takardun bogi a kasuwa. Ƙila tsoron haka yake.

Makaho mai waya:
Mai shago masu ido nawa anka ba kuɗin bogi, an amshe musu aljihu? Ni da nike rubuta wannan ba ni gani, wayata ke karanta min saƙo ina ba ta amsa, kuma ni ke ciyar da gidana. Taimako daban, amshe ragama daban. In yana tsoro sai ta zaɓi wanda ta yarda da shi ya raka ta kasuwar dabbobi ya duba mata haƙoran tunkiya, amma ita za ta ce na saya ko ban saya ba. Abin da ke ƙona min rai, mutum ya zo gabanka ya tambayi ɗan jagoranka wai mi kake so, kana tsaye. Ɗan Adar kai ma ka kiyaye, kar ka tahi ka yi magana da bakinta, ka kai ta ta faɗa da kanta. Ku nemi ƴan FNPH, tarayyar ƙungiyoyin naƙasassu, sun saba da irin wannan.

Almajirin Malam:
Ko a addini aya ta 6 cikin Suratun Nisa'i, kan dukiyar marayu, ta ce in kun ga shiriya gare su ku miƙa musu dukiyarsu, ba a ambaci ido ba. Ibn Ummi Maktum makaho ne amma Annabi (SAW) ya sha bar mishi jagorancin Madina in zai hita. Ku fara da liman da mai gari a sasanta, in ya ƙiya sai jastis.

Ɗan Adar:
Na gode ƙwarai. Na karanta mata duka, ta ce liman take so a fara da shi ran juma'a, kuma a kira shaidun da sunka ƙirga kuɗin ranar rabo.